Analog ko dijital: yadda za ka zaɓi tsarin tuƙa ƙananan jiragen ƙasa na tebur

Ɗan ƙanena ne ya kira ni daga Kaduna, kwana biyu bayan na tura wa 'yan gida bidiyon jiragena suna zagaye a gareji. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Baffa, ni ma zan fara. Amma na ga masu sayarwa wasu sun rubuta analog, wasu sun rubuta DCC. Wanne ya fi?" Na ce masa kafin in amsa, ya faɗa mini kan jirgi nawa yake so ya ga suna motsi a lokaci guda a kan layi ɗaya. Ya ce shi bai yi wannan tunanin ba. To amsar tana can, a cikin abin da bai yi tunaninsa ba.

Mahaifinmu ma'aikacin reluwe ne a Zariya, da ƙarar jirgi muka tashi. Amma wannan sha'awa ta ƙananan jirage a nan Ingila na same ta, inda za ka ga dattijo mai furfura ya shafe shekara ashirin yana gina tasha guda a ɗakin saman silin. Na yi shekara bakwai a kan analog, yanzu ina cikin ta biyar a kan dijital. Jiragena ma'aunin OO ne, wato kowane abu an rage shi sau 76, faɗin layinsa milimita 16.5. Shi ne aka fi yayi a Birtaniya. Amurka da sauran Turai HO suka fi amfani da shi, mai ragin sau 87, amma faɗin layin ɗaya ne. Duk abin da zan faɗa ya shafi su biyun, ya kuma shafi ƙaramin ma'aunin N mai layin milimita 9.

A tsarin analog, layin kake tuƙawa. Akwatin tuƙi yana da abin murɗawa guda da makunnin juya hanya. Idan ka murɗa, wutar da ke shiga ƙarafan layin biyu tana tashi daga sifili zuwa wajen bolt 12, ɗan injin da ke cikin kan jirgin ya ɗauka ta ƙafafunsa ya yi gudu daidai wutar da ya samu. Ka juya makunni, wutar ta sauya fuska, jirgi ya koma da baya. Ke nan duk kan jirgin da ke kan wannan layi umarni ɗaya yake bi. Ka ɗora uku, su ukun za su tashi tare, su tsaya tare. Akwai ma wani abu da ke ba yara mamaki: ɗaga kan jirgin ka juya fuskarsa ka mayar, zai ci gaba da tafiya inda ya nufa tun farko, sai dai yanzu da baya yake tafiya. Shi bai san gaba ba, bai san baya ba, abin da layi ya ce kawai yake yi.

A tsarin dijital kuwa, wato DCC ɗin da ya gani an rubuta, kan jirgin kake tuƙawa. Wuta cike take a layi koyaushe, wajen bolt 14 zuwa 16 a ma'aunin OO da HO, ko jirgi yana tafiya ko yana tsaye. Wutar ba a miƙe take ba, tana juyawa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, kuma a cikin wannan juyin ake ɓoye saƙo: gajeren juyi na nufin 1, dogo na nufin 0. Kowane kan jirgi yana da wani ɗan allo a cikinsa da bai wuce girman farcen babban yatsa ba, ana kiransa dikoda, kuma kowace dikoda tana da lambarta. Akwatin tuƙi zai ce, mai lamba 47, ƙara gudu, kunna fitila. Duk jiragen sun ji, amma mai 47 kaɗai zai amsa. Kamar malamin makaranta ne yana kiran suna a aji.

Ba sabon abu ba ne yadda wasu ke zato. Kamfanin Hornby ya fitar da nasa tsarin mai suna Zero 1 tun 1979, yana iya sarrafa kan jirgi 16. Märklin na Jamus ya biyo da nasa a tsakiyar shekarun 1980. Matsalar lokacin ita ce kowa da harshensa, kayan wannan ba sa jin maganar wancan. Abin da ya gyara lamarin shi ne tsarin da kamfanin Lenz na Jamus ya ƙirƙiro, wanda ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, NMRA, ta ɗauka ta mayar da shi ƙa'ida a shekarun 1990. Shi ne DCC. Albarkacinsa yau dikodar ESU ko ta Zimo za ta yi aiki da akwatin Digitrax ko NCE ko Roco ba tare da gardama ba. Sai dai ka lura, daidaiton a kan layi ya tsaya, tsakanin akwati da dikoda. Abin tuƙi na riƙewa a hannu na wani kamfani galibi ba ya shiga akwatin wani kamfanin. In ka sayi akwati, ka shiga gidansu ke nan.

Yanzu ga ƙidayar da na sa ɗan ƙanena ya yi. Ɗauki takarda ka zana layin da kake so. Ba wanda kake mafarki ba, wanda wurin da kake da shi zai ɗauka. Sannan ka tambayi kanka: a cikin wannan zane, akwai inda kan jirgi biyu za su haɗu a kan ƙarfe ɗaya, ɗaya yana motsi ɗaya yana jira?

In babu, analog ya ishe ka, kuma kada wani ya sa ka ji kunya. Zobe ɗaya da jirgi ɗaya, ko zobe biyu da ba su haɗu ba kowanne da akwatinsa, waya biyu ne aikin ya ƙare. Akwatin analog mai kyau, irin na Gaugemaster, yana tafiyar da jirgi a hankali ƙwarai, kuma ba shi da wani saiti da zai rikice maka. A Japan, inda gidaje ƙanana ne kuma mutane da yawa kan shimfiɗa layin Kato ko Tomix a ƙasa su yi wasa su naɗe, analog ne ya fi yawa har yanzu. Ba ƙauyanci ba ne.

In kuwa akwai irin wannan mahaɗa, nan ne analog ke fara cin rai. Dole ka yanka layin sashe-sashe, ka sa 'yar roba a mahaɗar ƙarafa don wutar wannan sashe kada ta tsallaka wancan, kowane sashe ka ja masa waya zuwa makunninsa. In mutum biyu za su tuƙa, kowane makunni sai ya zama mai zaɓi tsakanin akwati na ɗaya da na biyu. Tebur ɗina na farko ƙafa takwas ne da ƙafa huɗu, da 'yar tasha mai layi uku da wurin ajiye kawunan jirgi. Sashe goma sha ɗaya na yi masa. Ƙarƙashin teburin ya koma kamar bayan shagon mai gyaran rediyo. Abin yana aiki, ban musa ba, amma idona kullum yana kan allon makunnai, ba kan jirgi ba. Ranar da 'yata ta ce, "Baba, bari in tuƙa jan nan kai ka tuƙa koren," minti biyar ba mu yi ba jirginta ya tsallaka sashena ya kwasa a guje, ya daki taragun da na jera a tasha. Ta ajiye akwatin ta ce wasan manya ne. Wannan maganar ce ta kai ni dijital, ba talla ba. Yau lambar jirginta kawai take dannawa, ta bi ta inda ta ga dama, abin da ya rage mana mu kiyaye karo kamar direbobin gaske.

Sai batun kuɗi, wanda mutane ke lissafa shi ba daidai ba. Suna kwatanta farashin akwati da akwati su tsaya. A dijital akwatin sau ɗaya kake saya, amma kowane kan jirgi da dikodarsa. Mara sauti nakan same ta wajen fam ashirin zuwa talatin. Mai sauti kuwa, wadda ke fitar da gurnanin injin dizal ko hucin tururi da usur, wani lokaci kuɗinta ya kusa na kan jirgin kansa. Mai kan jirgi biyu ba zai ji ba. Mai talatin da ya tara cikin shekaru, sai ya zauna ya yi lissafi. Na san wani dattijo a ƙungiyarmu da yake da sama da haka, yawanci na shekarun 1970, ya ce shi da dijital sai dai a gaisa daga nesa. Gaskiyarsa ce. A ɗaya ɓangaren kuma, makunnai da wayoyin da analog mai sassa da yawa ke ci ba kyauta ba ne, balle daren da za ka kwana a ƙarƙashin tebur.

Akwai hanyar araha ga wanda hannunsa ya saba da kayan lantarki. Ana haɗa allon Arduino Mega, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, da allon tuƙa inji a kansa, a zuba masa manhajar DCC-EX wadda kyauta ce, sai ya zama akwatin dijital cikakke. Ka haɗa shi da manhajar JMRI a kwamfuta, ita ma kyauta, ka tuƙa jirgi da wayarka ta hannu ta manhajar Engine Driver. Na gwada, yana aiki. Amma ni mutum ne mai son abin murɗawa a hannu. Gilashin waya ba ya gaya wa yatsa komai, sai ka kalle shi, kuma kallon nan shi na gudo daga gare shi.

Kafin ka sayi kan jirgi, karanta kwalinsa. In an rubuta DCC Ready, analog ne amma an tanadar masa soket a ciki, ka cire ɗan toshin da ke wurin ka cusa dikoda. In an rubuta DCC Fitted, dikodar tana ciki. Soket ɗin iri-iri ne, akwai mai ƙafa 6, mai 8, mai 21, akwai Next18 da PluX22, don haka duba wanda naka yake da shi kafin ka yi odar dikoda. Ko da analog ka zaɓa, shawarata ka riƙa sayen masu soket. Ba su hana ka komai yau ba, gobe kuma ƙofa a buɗe take.

Tsofaffin da ba su da soket su ne wurin taka-tsantsan. Launin wayoyin dikoda ƙa'ida ne: ja da baƙa suna zuwa ƙafafun da ke ɗaukar wuta daga layi, ruwan lemo da toka suna zuwa inji, fara fitilar gaba, rawaya fitilar baya, shuɗiya ita ce uwar fitilu, wadda fitilun biyu suke tarayya a kanta. Sharaɗin da ba a wasa da shi shi ne injin ya rabu da layi kwata-kwata, kada wata hanya ta rage tsakaninsu sai ta cikin dikoda. Yawancin tsofaffin jirage kuwa jikin ƙarfensu ne ke kai wuta ga inji, wasu ma gangar jikin an raba ta biyu, kowane ɓari da ƙarfen layinsa. Dikodata ta farko haka ta tafi. Na liƙa wayoyi da dalma tsaf, na manta ɗaya ƙafar injin tana taɓa jiki. Ina ɗora shi a layi na ji ƙauri, ɗan hayaƙi ya tashi, shi ke nan. Da na sa mita na auna tsakanin ƙafar inji da ƙafafun jirgi, da na gani cikin daƙiƙa goma. Tun daga ranar, duk kan jirgin da na sa wa dikoda, a layin saiti nake fara ɗora shi, wani guntun layi daban da akwatin ke ba wa wuta kaɗan. In ya karanta lambar dikoda a can, haɗin lafiya yake. Kuma tsohon inji ya fi na zamani shan wuta, ka tabbata dikodar za ta iya ɗaukarsa. Abu ɗaya kuma: jirgin da ke tangal-tangal a analog, dikoda ba za ta warkar da shi ba. Wanke shi, sa masa ɗigon mai, ya miƙe tukuna.

Saitin dikoda shi ke tsorata mutane, alhali abin da mai farawa ke buƙata kaɗan ne. Kowace sabuwar dikoda da lamba 3 take zuwa, don haka aikin farko ka sauya mata lamba, in ba haka ba duk sababbin jiragenka za su tashi tare, ka koma gidan jiya. Saitin dikoda a cikin wasu gurabe masu lamba yake, ana kiransu CV. Gajeriyar lamba a gurbin CV1 take, in kana son mai alƙaluma huɗu akwatin zai shirya maka. Ni lambobin ƙarshe na jikin jirgin nake ba shi don kada in manta. CV3 na sa jirgi ya ɗauki gudu sannu a hankali, CV4 na sa ya tsaya sannu a hankali, kamar mai jan kaya da gaske. Waɗannan biyun su suka fi ba ni daɗi a duk tsarin. In ka dagula komai, a dikododi da yawa rubuta 8 a cikin CV8 yana mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta, amma duba takardar taka. Sauran ɗaruruwan guraben ka bar su sai ranar da ka ji ƙaiƙayi.

Masu talla na cewa dijital waya biyu ne kawai. Haka ne, amma wayoyi biyun masu kauri ne, kuma suna da 'ya'ya. Ka ja manyan wayoyi biyu a ƙarƙashin tebur su bi layin, masu kaurin murabba'in milimita 1.5 zuwa 2.5, sannan daga kowane tsayin ƙarfe ka sauko da 'yar siririyar waya ka liƙa da dalma. Kada ka dogara da 'yan ƙarafan da ke haɗa layi da layi, suna saki da tsufa. Launi biyu, ja da baƙi, kuma kada ka taɓa musanya su. Gwajin da muke yi mai sauƙi ne: ɗora kwabo a kan ƙarafan biyu a wuri mafi nisa da akwati. In akwatin ya yanke wuta nan take, wayoyinka sun isa. In bai yanke ba, akwai hatsari, domin akwatin dijital na iya tura amfiya biyu zuwa biyar, wanda ya isa ya narka roba. Ko mai analog ya yi wayarsa haka, zai ga bambanci, kuma ranar da ya sauya sheƙa, akwati kawai zai cire ya sa wani.

In zanenka yana da layin da ke lanƙwasowa ya dawo kan kansa don jirgi ya juya, ƙarfen dama zai haɗu da na hagu, wuta ta haɗe. Tsarin biyu duka sai an raba wannan sashe da roba a bakinsa biyu. A analog da hannu za ka juya makunni, a dijital akwai ɗan allo da ke juya wutar da kansa kafin jirgi ya ankara.

Kada ka taɓa haɗa akwatin analog da na dijital a layi ɗaya lokaci guda, ko da ka raba su da roba, domin ƙafar jirgi za ta haɗa su wajen tsallakawa. In kana son duka biyun, sa makunni guda da ke zaɓar ɗaya ya cire ɗaya gaba ɗaya. Yawancin dikododi suna tafiya a layin analog. Akasin haka ne matsala: kan jirgi mara dikoda a layin dijital zai yi ta ƙara yana zafi ko yana tsaye, wani injin ma ya ƙone.

Da yake a Kaduna ɗan ƙanena zai yi nasa, na ƙara masa abubuwa uku. Na farko ƙura. Dijital ba ya haƙuri da datti kamar analog, wuta ta ɗauke na ƙiftawar ido sai sauti ya katse, jirgi ya yi tuntuɓe. A nan ma da damshi ya fi ƙura yawa ina goge layi da tsumma da sifirit duk mako, ina ga lokacin hunturu a gida. Ya tanadi mayafin rufe tebur, kada ya kusanci layi da sanfefa, kuma in zai iya ya sayi dikoda mai ɗan kafasita da ke riƙe wuta na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Na biyu wutar gida. Najeriya da Birtaniya bolt 230 ne, Amurka 120. In kayan daga Amurka suka fito, ya karanta jikin taransfomar, in bai ga 100 zuwa 240 ba kada ya soka. Na uku, in ya ci karo da kayan Märklin na HO a hannun 'yan gwanjo, ya sani nasu tsarin daban ne, wuta ta tsakiyar layi take bi ta wasu ƙananan ƙusoshi, kuma jiragensu ba sa hawa layin sauran kamfanoni.

Ya tambaye ni ko zai iya gina irin tsohon layinmu na gida, wanda ya isa Kano a 1911. Na ce zai iya, amma faɗin wancan ƙafa uku ne da inci shida, in an rage shi sau 87 layin milimita 12 ke nan, kuma kusan komai da hannu zai ƙera. Ya bar wannan sai ya ƙware.

Da ya turo zanensa, zobe ɗaya ne a kan ƙyauren ƙofa da ya samu, da layin ajiye taragu guda biyu, kan jirgi ɗaya. Na ce ya sayi analog, ya tabbata kan jirgin mai soket ne, ya ja wayoyinsa masu kauri tun yanzu. Ya ce, "Baffa, ai na ɗauka dijital za ka ce." Na ce ya kira ni ranar da ya sayi kan jirgi na biyu. Akwai dikoda biyu masu ƙafa 8 a cikin durowata, na ware masa su.